Nuraniyya da Allo a Ma'auni: Wanne Ke Koya wa Ɗan Manomi Karatu?



Ƴan uwa, akwai wani ɗan littafi da ya shigo makarantunmu a shekarun nan. Ya fara daga islamiyyun birane irin su Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, yanzu ga shi ya kai ƙauye. Shi ne Alƙa'idatun Nuraniyya, wanda yara ke kira Nuraniyya kawai. Shigowarsa ta raba malamai biyu. Samarin ustazai suna cewa allo ya tsufa, a aje babbaƙu da farfaru a kama wannan. Gardawa da dattawan malamai suna cewa baƙon abu ne, zai raba yara da karatun iyayensu. Kwamitocin masallatai kuma suna tsakiya, ana tambayarsu ko a ɗebi kuɗi daga asusu a sayo wa yara.

Na karantar da hanyoyin biyu, saboda haka zan ɗora su a kan ma'auni guda: ɗan manomi da ɗiyar manomi, idan sun gama, sun iya karatu ko ba su iya ba? Kuma mi suka iya karantawa?

Kalmar "karatu" tana ɓoye mana matsala

A Hausa, wanda ya rufe ido ya kawo sura da ka, mukan ce ya yi karatu. Wanda aka miƙa wa wasiƙa ya buɗe ya faɗi abin da ke ciki, shi ma karatu ya yi. Kalma guda, aiki biyu. Na farkon hadda ce, kuma falalarta ba ta ɓoyu ga kowa ba. Na biyun shi ne abin da nake nufi a nan, kuma hawa uku gare shi. Yaro ya gane harafi ya san sautinsa. Ya iya haɗa haruffa su zama kalma, kalmomi su zama magana, ba tare da ya tsaya yana laluben kowane baƙi ba. Sannan ya fahimci abin da ya karanta, har in an tambaye shi ya ba da amsa da bakinsa.

Uba yakan ji muryar ɗansa ta fi ta kowa tashi a makaranta ya ce alhamdu lillahi, yaro yana karatu. Sai ranar da aka kawo maganin ƙwari na feshin wake, ko takardar likita, ko saƙo ya shigo waya daga wanda ya tafi ci-rani, a miƙa wa yaron ya yi zuru. Ran nan ake gane bambancin.

Ba makarantar allo kaɗai ke da wannan ciwo ba. Akwai gwajin da ake kira PASEC, wanda ake yi wa ƴan lakwal a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. A na 2014, yaran Nijar da ke ƙarshen firamare waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A na 2019 abin ya ɗan gyaru, suka kai wajen uku cikin goma. Ke nan mafi yawan yara suna shekara shida a aji su fito ba su iya karanta shafi su gane ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: yaron da bai taɓa jin Faransanci a gida ba ana so ya koyi harshen da karatun a lokaci guda, ajin na zana sai an gama girbi ake samun karan kafa shi, mushe guda yana fama da yara bila adadin. Su dai an gwada su an ga inda suke. Mu na masallaci ba mu taɓa gwada namu ba, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da Nuraniyya ta zo da shi

Mai littafin shi ne Shaihu Nur Muhammad Haƙƙani, malami daga Ludhiyana a yankin Panjab na ƙasar Indiya, ya rasu a 1925. Daga baya wani daga zuriyarsa ya sake tsara shi a Saudiyya, aka buga shi da launuka, aka haɗa masa sautin da ake saurare, daga can ya bazu cikin duniya. Darasi 17 ne. Ana farawa da haruffa ɗaiɗai, sai haruffa a haɗe, sai haruffan farkon surori, sai wasula uku, sai tanwini, sai haruffan ja da na lini, sai ɗauri, sai shadda, a ƙarshe a gauraya su duka. Tsakanin darasi da darasi akwai shafukan gwaji, kuma kalmomin gwajin daga Alƙur'ani aka ɗebo su.

Babban alherinsa shi ne jeri. Ba a kawo wa yaro abu biyu sabbi a lokaci guda. Ba zai ga shadda ba sai ya ƙware a ɗauri, ba zai ga ɗauri ba sai wasula sun zauna masa. Wannan tsari ne na mutumin da ya daɗe yana zama da yara ya san inda suke tuntuɓe. Na biyu, tun daga darasin farko ana gyara mafitar haruffa, yaro ya raba sin da sadi, ya raba ha ta maƙogwaro da ha ta ƙirji, kafin harshensa ya bushe a kan kuskure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na uku, malamin da bai yi zurfi ba zai iya bin littafin shafi bayan shafi ya kai yara ga gaci, kuma a ƙauye irin wannan malami shi ne mafi yawa.

Na huɗu shi ne ya fi shafar ɗan manomi, wato lokaci. Shekarar karatun yaron ƙauye ba wata goma sha biyu ba ce. Daga faɗuwar ruwan shuka a watan Yuni yana gona: shuka, noman fari, maimai, kiwon bisashe don kada su shiga gonakin mutane, koran tsuntsaye, tsinkar wake, cirar gyaɗa, ɗaurin damman hatsi. Sai cikin Nuwamba yake samun kansa. Abin da ya rage masa wata shida ne ko bakwai, a ciki ma ga ɗiban ruwa da itace, ga ranar kasuwa, a wuraren da ake noman rani kamar yankin Galmi ga aikin albasa. Duk hanyar da ba za ta kai yaro ga haɗa baƙi cikin rani guda ba, damina za ta cinye abin da ya samu, a dawo a sake daga farko. Nuraniyya, in malami ya tsaya mata kullum, tana iya shiga cikin rani guda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai sukar ta ya kamata ya fara da yarda da shi.

Abin da allo ke da shi

Kafin a aje allo, a tsaya a dubi abin da za a aje. Magabatanmu ba su karɓi haruffan Larabci haka nan ba, sai da suka raɗa musu sunayen Hausa masu bayyana siffarsu. Ha ƙarami, ha mai ruwa, ha babba, ha kuri. Ɗa mai hannu, domin ga hannun nan a tsaye. An baki wofi, domin bakinta a buɗe yake. An likkafa, domin idan ta zo tsakiyar kalma kamar likkafar doki take. Ɗigo suka kira shi ruwa. Yaro ɗan shekara biyar da ya san likkafa ya san kuri, ba zai manta waɗannan ba. Kuma sun ba harafi guda suna daban idan ya zo farko ko tsakiya ko ƙarshe, domin a idon yaro siffofi ne daban. Wannan hikimar koyarwa ce ta gaske.

Sannan allo ba ya cin kuɗi. Alƙalami daga kara ne, tawada daga gawayi da ƙaro. Ba ya yagewa, ruwan sama bai lalata shi, akuya ba ta cinye shi. Uwa uba, hanyar allo tana ƙarewa da rubutu: yaro zai kai inda zai wanke allonsa ya rubuta da hannunsa. Abin da hannu ya rubuta ya fi zama a kai fiye da abin da ido ya gani kawai.

Amma a faɗi gaskiya, babbaƙu da farfaru suna da aibu uku. Haruffa suna zuwa ne bisa yadda suka zo cikin sura, ba bisa sauƙi ba, sai yaro ya ci karo da mai wuya a ranar farko. Ana raba baƙi da wasali tsawon lokaci, yaro ya yi watanni yana kiran sunayen baƙaƙe bai san cewa suna haɗuwa su ba da magana ba. Kuma da yake surorin da ake yi da su ya riga ya ji su sau dubu a bakin yayyensa, sai ya haddace jerin sunayen kamar waƙa, yatsansa yana kan wani baƙi bakinsa yana faɗin wani. Malamin da ke da yara hamsin ba zai lura ba. Shi ya sa ake samun wanda ya yi rani biyu ko uku bai fita farfaru ba.

Inda Nuraniyya ta gaza

Na farko, ruwaya da rubutu. Nuraniyya a kan Hafsu take, da rubutun gabas. Ƙauyukanmu kuwa Warshu suka gada, da rubutun Magriba. A mus'hafin da ke cikin gafakar mahaifin yaro, fa ɗigonta guda a ƙasa, ƙaf ɗigonta guda a bisa. A Nuraniyya, mai ɗigo guda a bisa ita ce fa, ƙaf kuwa biyu gare ta. To ka ga yaron da ya gama Nuraniyya, idan ya buɗe mus'hafin gidansu, duk inda ya ga ƙaf zai karanta fa. Bai san ɗigon imala ba. Limamin garinsu yana ja da Warshu a sallah, shi yana jin kamar liman ya yi kure. Na ga garin da wannan ya kai har ga yara suna gyara wa dattijo karatu a bainar jama'a, alhali shi ne a kan daidai a ruwayarsa. Hafsu da Warshu duka ingantattu ne, babu mai ilmi da ke jayayya a nan, kuma madaba'ar Sarki Fahad da ke Madina tana buga mus'hafin kowannensu. Laifin na wanda ya kawo littafin ne bai gaya wa yara cewa akwai ruwaya fiye da guda ba.

Na biyu, babu rubutu a cikinta. Littafin ido ne da baki. Yaro zai iya gama darasi 17 bai taɓa riƙe alƙalami ba. Ka ce ya rubuta sunansa, ya kasa.

Na uku, ciwon da aka gudo daga allo ya biyo mu nan. Ku shiga islamiyyu da yawa ku ji: malami ya faɗa, yara su amsa baki ɗaya da murya mai daɗi, ko a kunna musu sautin a waya su bi. Bayan sati biyu sun haddace shafin daga sama har ƙasa. Ka nuna kalma a tsakiya, sai yaro ya koma farkon layi yana gunguni har ya iso wurin. Wannan hadda ce ta sake riga.

Na huɗu, ma'ana. Kalmomin littafin Larabci ne, an ciro su ɗaiɗai. Ga yaron Makka wannan ba matsala ba ce sosai. Ga yaron Gobir ko Adar, zai yi wata shida yana furta abin da bai san ma'anar ko guda ba, sai ya tashi da zaton cewa karatu shi ne fitar da sauti daidai. Hawa na uku, wato fahimta, ba a ko taka shi ba. Ba na ɗora wa Shaihu Haƙƙani laifi a nan. Ya yi littafinsa don gyaran tilawa, kuma ya cika aikinsa, Allah ya saka masa. Mu ne muka ɗora wa littafin kayan da ba nasa ba, muka ce wanda ya gama shi ya iya karatu.

Na biyar, ba ta buɗe wa yaro ƙofar ajami. Hausa tana da sautukan da Larabci ba shi da su, kuma magabata sun nemo musu mafita daga cikin rubutun Warshu. Ɗigon imala shi suka mayar wasalin "e". Ɗa mai hannu ta zama "ɗ", aka ƙara mata ɗigo uku ta zama "ts". Harafin sa mai ɗigo uku ya zama "c", gaini ya zama "g". Ɗan allo da ya fita farfaru saura taki kaɗan ya rubuta wa babansa wasiƙa da Hausa. Ɗan Nuraniyya ko "gero" ba zai iya rubutawa ba, domin ba shi da "g" ba shi da "e".

Wannan gardama ta girme mu

Kada wani ya ce tunanin Turawa ne. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya keɓe fasali a Muƙaddima a kan yadda ƙasashen Musulmi ke karantar da yara. Ya bayyana cewa mutanen Magriba suna tsayawa a kan Alƙur'ani da rasaminsa kawai, ba su gauraya shi da komai, saboda haka sun fi kowa hadda da sanin rasami, amma ba su samun ƙwarewar harshe, kuma wanda ya yanke a hanya ya yanke daga ilmi gaba ɗaya. Mutanen Andalus kuwa suna haɗawa da waƙa da rubutun wasiƙa da ƙa'idojin Larabci da gyaran hannu. Ya kuma kawo ra'ayin Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya, cewa a fara wa yaro da harshe da lissafi kafin a kai shi ga abin da bai fahimta ba. Ibnu Khaldun ya yaba ra'ayin, amma ya nuna al'ada ba ta goyon bayansa, domin iyaye suna neman albarka kuma suna tsoron yaro ya girma ya kuɓuce bai samu Alƙur'ani ba. Makarantar allonmu ɗiyar ta Magriba ce. Ƙarfinta da rauninta su ne waɗanda ya faɗa tun fiye da shekara ɗari shida.

Tsoron iyayen nan gaskiya ne, ni ma ina da shi, kuma ba na kira a jinkirta Alƙur'ani. Amma malamanmu na nan sun nuna mana hanya ta tsakiya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta yau a 1754, ya rubuta da Larabci don malamai, ya kuma yi waƙoƙi da Fulatanci don jama'a, aka mayar da wasu zuwa Hausa. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura jajojinta ƙauyuka suna karantar da mata, su ne ƴan taru. Wanda ya je Yamai ya ga tarin rubuce-rubucen hannu da ke cibiyar IRSH zai ga na ajami a cikinsu. Ba su ga cewa harshen gida yana rage darajar Alƙur'ani ba. Da shi suka isar da saƙonsa ga manoma da makiyaya.

Tun kafin su ma, bayan yaƙin Badar, fursunonin da ba su da abin fansa an sa su koya wa yaran Madina rubutu a matsayin fansarsu. Mushirikai ne a lokacin, ba Alƙur'ani suka koyar ba, rubutu da karatu suka koyar. Kuma Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu. Wannan ya isa hujja ga mai ƙyamar baƙaƙen boko.

Masu cewa ajami ba ya kai yaro ko'ina

Akwai ƴan uwa da za su ce: Malam, takardar gwamnati boko ce, saƙon waya boko ne, buhun taki boko ne, mi ajami zai yi wa yaro? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amsata ita ce, karatu sau guda ake koyonsa. Wahalar tana wurin gane cewa alama a kan takarda tana ɗauke da sauti, sautuka suna haɗuwa su zama maganar da ka sani. Yaron da ya gane wannan da harshensa, sauya masa baƙaƙe aikin ƴan makonni ne. Duk wanda ya taɓa karantar da gardi yaƙi da jahilci ya san ya fi wanda bai taɓa riƙe allo ba saurin kamawa nesa ba kusa ba.

Ita ma gwamnati ta daɗe da sanin haka. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram inda ake fara wa yara da Hausa kafin Faransanci. A 2025 kuma dokar da aka kafa ta sabunta ƙasa ta mayar da Hausa harshen ƙasa. Ke nan rubutun Hausa da baƙaƙen boko zai ƙara yawa a gaban yaranmu. Saboda haka ban ce a tsaya a ajami ba. A fara da shi domin shi ya fi kusa da abin da yaro ke yi a allo, sannan a bi shi da Hausar boko. In mushen garin mutumin kirki ne, a gayyace shi zauren masallaci bayan la'asar. Yaran da ke gabansa da safe su ne ke gabanmu da yamma.

Hukuncina

A sayi Nuraniyya, amma kada a ƙona allo. A ɗauki jerinta, a riƙe alƙalaminmu. Ga yadda nake gani za a yi, kuma babu abin da ya fi ƙarfin asusun masallacin ƙauye.

Kowane darasin da yaro ya karanta a littafi, ya rubuta shi a allo a ranar, da hannunsa, komai munin rubutun. A garin da ake Warshu, malami ya rubuta darussan da rubutun Magriba bisa jerin Nuraniyya, ya ƙara darasin imala, ya zaunar da yara rana guda ya nuna musu fa da ƙaf a mus'hafan biyu. Sunayen haruffa na Hausa a bar su su taimaka wa ido, amma a gaggauta haɗa baƙi da wasali tun makon farko.

Daga lokacin da yaro ya san wasula uku, a ware rubu'in awa a kowane zama don kalmomin Hausa. Da haruffan da ya riga ya sani zai iya karanta "baba", "masara", "rani", "dawa", "tafi". Ku lura da fuskar yaro ranar da ya haɗa baƙaƙe ya ji sunan abin da ke cikin rumbunsu ya fito daga bakinsa. Daga ran nan ba sai an kora shi makaranta da bulala ba.

A daina yarda da amshi baki ɗaya a matsayin shaida. Ran Laraba, kafin hutun Alhamis, malami ya kira yara ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta layin da ba su taɓa gani ba. Wane ne bai san haruffa ba, wane ne ya san haruffa bai iya haɗawa ba, wane ne ya iya kalma, wane ne ya iya layi ya kuma faɗi ma'anarsa. A raba su rukuni bisa wannan, ba bisa shekaru ko tsawo ba. A Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta yi suna da wannan hanya, har ta shigo ƙasashen Afirka, amma ga wanda ya san tsangaya ba baƙuwa ba ce: kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, babba yana biya wa ƙarami.

A samar da abin karantawa. Wannan shi ne babban giɓin da Nuraniyya da allo duka suka bari. Yaro ya koyi haɗa baƙi, sai ya duba garin kaf babu takarda guda da Hausa. Wuƙar da ba a yanka da ita tsatsa take yi. Malamai, mu rubuta da kanmu. Shafi guda a kan farillan alwala. Shafi guda a kan zakkar hatsi: nisabi ausuƙi 5, wato sa'i 300, ushiri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabinsa ga abin da aka sha wahalar ban ruwa, da lissafin yadda zai kama a tiya ta garin. Shafi a kan haɗarin zuba ruwan sha a galan ɗin maganin feshi. Tarihin kafuwar garin daga bakin tsofaffi. Labaran Annabawa a gajeren zance. A kai birni a buga kwafi da jika ɗaya ko biyu, a aje a akwati cikin masallaci, yaro ya ara ya kai gida ya karanta wa mahaifiyarsa.

Kada a rufe makaranta ƙaf da damina. Ko rabin awa ne bayan magariba, a fitila mai aiki da hasken rana, a yi tishi kawai ba ƙari, don abin da aka tara da rani kada ya zube. Ƴan mata kuma a tambayi iyayensu mata lokacin da ya dace, domin safiyarsu ta daka da rijiya ce, kuma tsarin da bai lissafa da wannan ba ya kore su ne ko bai faɗa ba. Shifa'u ɗiyar Abdullahi ta koya wa Uwar Muminai Hafsatu rubutu a gidan Annabi. Mu wane ne da za mu ce ɗiyar manomi ba ta buƙata?

Ga samarin ustazai, ku ji tsoron Allah game da dattawan da suka riƙe Alƙur'ani a ƙauyukan nan lokacin da babu littafi babu albashi. Ga dattawa kuma, Allah ya ƙara muku girma, yaron da ya yi rani uku a farfaru amana ce da za a tambaye mu. Kwamitin da zai zauna kan wannan magana, kafin ya yanke, ya kira yara goma daga makarantar masallacinsa, ya rubuta musu layi guda sabo, ya saurara. Abin da ya ji shi zai gaya masa abin da zai saya.

Allah ya sanya albarka a zuriyarmu, ya ba su ilmi mai amfani, ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu. Allah shi ne mafi sani.